WAƘA BA TA DA ƘAFA

 

 Abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan magana ɗan ƙarami ne, amma ya kwana yana cin raina. Lokacin kaka na je gida gaida Inna, muna zaune a tsakar gida muna ɓare gyaɗa, sai 'yar yayana, budurwa 'yar shekara 16, ta ɗora wayarta a kan murfin langa tana ta zuba mana waƙa. Can sai wata ta shigo mai daɗin gaske, muryar mace siririya, kiɗan fiyano na bin ta a hankali.

Na ce, "Ke 'yar nan, wace ce wannan mai muryar?"

Ta ce, "Wallahi Goggo ban sani ba. Sabuwa ce dai, jiya mai turi ya sa min."

Na ce, "To sunan waƙar fa?"

Ta ɗauki wayar ta duba, ta nuna min. Lambobi ne kawai da wasu haruffa, babu sunan waƙa balle na mai ita. Inna kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta ɓare gyaɗarta ta ce, "Mu a zamaninmu waƙa da uwarta take zuwa."

Wannan magana ta Inna ita ce ta biyo ni har gida. Na zauna na yi ta lissafi: shin ta wace hanya sabuwar waƙa take iso mu, mu matan ƙauye da ke cikin gida? Don waƙa dai ba ta da ƙafa, dole wani ne yake ɗauko ta ya kawo. To wane ne? Kuma me yake yarwa a hanya kafin ya iso? Ga abin da na tattaro, wani daga bakin Inna, wani daga karance-karance, wani kuma da idona na gani, har da wanda hannuna ya aikata.

ZAMANIN IYA

Ƙauyenmu yana arewa da birnin Kano, gefen hanyar nan da ta bi ta Ɗambatta ta nufi Kazaure da Daura. Wadda ta san ƙasarmu ta san ba mu da daji. Gona ce manne da gona, gida na hango gida, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a fili ɗaya, kuma ba a hutar da gona ko shekara guda, sai dai a ciyar da ita da taki. Mutanen ƙauyukan da suka fi mu kusa da birni da jakuna suke shiga da itace da harawa, su fito da takin birni a mangala. Inda mutane suka yi yawa haka, kasuwa na kusa da kasuwa, biki na bin biki, ai magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Haka ma waƙa.

Kakata, mahaifiyar Inna, wadda muke kira Iya, ita ce mai ba da waƙa a unguwarsu. A lokacinsu kowane aiki da waƙarsa. Mace ta durƙusa gaban dutsen niƙa da asuba, tana niƙa tana rera abin da ke damunta, kishiya na ji, uwar miji na ji, ba mai cewa uffan don waƙa ce. In ana daka, 'yan mata uku su kewaye turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na tashi sama ana tafi kafin ta dawo. In za a kawo amarya, matan unguwa su taru a yi daɓe, a zuba tsakuwa a yayyafa ruwan makuba, kowa da madaɓinta, ɗaya na bayarwa saura na amshi har ƙasa ta yi santsi. Da daddare in akwai farin wata, 'yan mata su fita dandali gaɗa. Ranar suna ko biki kuwa, a kifa ƙwarya a cikin ruwa a yi ta kiɗa, ga masu shantu a gefe.

To sabuwar waƙa ta ina take shigowa? Inna ta ce yawanci amarya ce take kawo ta. A auro yarinya daga wajen Bichi ko Minjibir, ta zo da waƙoƙin garinsu a bakinta kamar yadda ta zo da ƙorai da tukwane. Ranar daɓe ta farko da ta halarta za a ce, "Amarya, ba mu ta garinku." Ta noƙe, a matsa, ta bayar. Kafin damina ta fita kowa ya iya, kuma har a tsufa sunan waƙar yana nan, ta wance 'yar gari kaza. Wasu kuma 'yan cirani ne ke dawowa da su daga birni, wasu makaɗan kalangu masu bin kasuwanni. Ko ta wace hanya ta zo, da fuskar mutum take zuwa. Abin da Inna take nufi ke nan da uwar waƙa.

AKWATIN MAIGIDA

Na'ura ta farko da ta fara magana a ƙasarmu garmaho ce, wadda ake wanawa da hannu a ɗora mata faifai da allura. Amma wannan kayan masu sarauta ne da attajirai, matan ƙauye labarinta kawai suka sha. Wadda ta shiga gidaje sosai ita ce rediyo mai batir. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, muryarsa kuwa har rugar Fulani tana kaiwa. Ta nan ne mutanenmu suka san Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos ba tare da sun taɓa ganinsu ba. Ta nan ne mata suka ji 'yan uwansu masu amada, irin su Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Choge ta Funtuwa, suna kiɗan ƙwaryar nan dai da muke yi a tsakar gida, amma ga shi yana fitowa daga akwati. Ga kuma shirin Zaɓi Sonka, a aika kati a gaida 'yan uwa a zaɓi waƙa.

Sai dai fa rediyo ta maigida ce. A zaure take wuni, ko a rataye a kafaɗarsa zuwa gona, sai dare take shigowa ciki, shi ma labaran BBC yake jira. Mace ba ta isa ta murɗa ba, kada batir ya ƙare. Kuma waƙar rediyo kamar baƙon tsuntsu take, ta sauka ta tashi. In kin ji wadda ta yi miki, sai ki yi ta addu'a a sake sakawa wani mako. Amma abu ɗaya na yaba wa wannan zamani: mai gabatarwa ba ya sakin waƙa sai ya faɗi sunan mai ita da garinsu. Waƙar ta daina zuwa da fuska, amma tana zuwa da suna.

RIKODA TA SHIGA ƊAKI

Kaset shi ne ya 'yanta kunnen mace, wannan ba na shakkar faɗa. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, amma sai wajen shekarun 1970 zuwa 1980 ya cika ƙasar Hausa, lokacin da kuɗin mai suka shigo, alhazai da 'yan cirani suna dawowa da rikoda a hannu. A hankali rikoda ta shiga cikin kayan ɗaki. Amaryar da aka jera wa gado mai rumfa da kumbo da samira, in an ɗora mata rikoda a kan kabad an rufe da ɗan kyalle mai ado, to ta gama kece raini. Ga ta dai a cikin kulle, amma yau ita ke zaɓen abin da za ta ji, ta maimaita sau goma in ta ga dama.

To amma wa ke kawo kaset ɗin, tunda ba ta fita? Yaro. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, a ƙulle wa ƙanen miji kuɗi a ce ya sayo manja da daddawa, "kuma ka tsaya wajen mai kaset ka ce ya ba ka sabo." Shi mai kaset yana zaune da teburinsa da lasifika, daga Kano yake saro kaya, wajen dilolin Ƙofar Wambai da na Bata. Abin da ya saka a lasifika ranar, shi ne sabo. Abin da bai saro ba, mu a wurinmu ba a yi shi ba. Kin ga ashe ɗanɗanon matan gari guda yana hannun mutum ɗaya da ba su taɓa gani ba. Dillaliya ma takan shigo da kaset a ƙasan ƙullin atamfofi, sai kuma aro, wanda shi ne babbar hanya. Kaset ɗaya sai ya zaga gida goma, ya dawo zarensa ya tsinke an ɗaura, a sa biro a tariyo shi don a tausaya wa batir, batir ɗin ma in ya yi sanyi a shanya shi a rana.

Wani abin da rikoda ta zo da shi wanda rediyo ba ta da shi, shi ne jan maɓallin nan na naɗa. A 1994 aka yi bikin ƙanwar Inna. Kawuna ya dawo daga cirani a Legas da sabuwar rikoda, ya ajiye ta a tsakiyar mata ranar kiɗan ƙwarya, ya roƙi Iya ta ba da waƙoƙinta na daɓe da na niƙa, tunda a lokacin ma siminti ya fara korar daɓe, injin niƙa ya kori dutse. Iya ta yi ta yi, mata na amshi, har aka cika fuska ɗaya ta kaset, minti 30 cur. Kawu ya ɓalle ɗan haƙorin nan na saman kaset wanda in babu shi ba a iya naɗa wani abu a kai, ya ba Inna. Iya ta rasu a 1998. Inna ta naɗe kaset ɗin a tsumma ta sa a cikin kumbo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

FIYANO

Yanzu bari mu zo kan kiɗan da yaranmu suka buɗe ido suka gani, wanda ba fata ba tsirkiya, sai wutar lantarki. Da yawa suna zaton da finafinan Kano ya fara, alhali tun 1978 wani mutumin Nijar mai suna Mamman Sani ya shiga gidan rediyon Yamai da ɗan molonsa na lantarki, irin mai maɓallai, ya naɗi kaset guda na kiɗa zalla, yana juya sautin gargajiyar ƙasarsu a cikin na'ura. Kwafi kaɗan aka buga, amma gidajen rediyo da talabijin na Nijar sun shekara da shekaru suna saka kiɗansa tsakanin shiri da shiri, mutane suna ji ba su san mai shi ba.

A Kano kuwa hanyar ta biyo ta fim ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo. Mutanenmu dama sun daɗe da shan finafinan Indiya, maza a sinima, mata a talabijin, saboda haka da masu fim suka fara sa waƙa tsakanin saurayi da budurwa, kunne ya riga ya saba. Matsalar ita ce makaɗa. Tara masu kalangu da masu goge da 'yan amshi kuɗi ne, kuma su ba su saba bin labarin wani ba. Sai ga fiyano. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama na Kano ya sayi ƙirar Yamaha, aka ga yaro ɗaya zai zauna gaban akwati ɗaya, ya danna nan ganga ta fito, ya danna can sarewa ta fito, ya jera su kan juna, sannan mawaƙi ya shiga ɗan ɗaki ya ɗora murya. Abin da a da sai mutum goma, yanzu mutum biyu sun gama kafin la'asar.

Shekarar 1999 ita ce mararraba. A watan Yunin shekarar Allah ya yi wa Shata rasuwa. A shekarar ne kuma kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, fim ɗin Ali Nuhu da Fati Muhammad, wanda waƙarsa ta mamaye ƙasar Hausa har Nijar. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka riƙa sakin kaset ɗin waƙoƙin fim tun kafin fim ɗin ya fito, don ya zama talla. Situdiyo suka yi ta tsirowa a Kano. Yaron da ba ɗan makaɗa ba, bai gaji kiɗa ba, ba shi da ubangida ba shi da kamfani, in ya tara kuɗin zama ɗaya a situdiyo ya zama mawaƙi. Ni da nake buga littafina da kuɗin adashe na kai kasuwa da kaina, na san daɗin wannan 'yanci, na kuma san wahalarsa.

Manya ba su yi shiru ba. Wasu suka ce wannan kiɗan Indiya ne aka sa masa hula, wasu suka ce rawar mace da namiji ta saɓa wa tarbiyya. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai. Wannan duk an yi ta faɗa. Abin da ban ji ana faɗa ba shi ne wanda ya shafe mu mata. Masu fim sun ɗauko al'adar Indiya ta cewa wata ce za ta rera, wata ta motsa baki a gaban kyamara. Hoton jaruma ne a bangon kaset, ita ake so, ita ake sa wa yara sunanta. Wallahi sai da na shiga sakandare na san cewa ba Fati Muhammad ce mai muryar da nake kwaikwayo ba. Matan da suka tsaya a ɗan ɗakin nan mai zafi suka rera, irin su Rabi Mustapha, da na bayanta irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba da Zuwaira Isma'il, an daɗe ana shan muryarsu kafin a san sunansu. A nan ne waƙa ta fara zuwa mana da fuskar aro.

To ga abin da hannuna ya aikata. A shekarar 2000, ina 'yar shekara 11, wata ƙawata ta ara min kaset ɗin sababbin waƙoƙin fim, da sharaɗin in mayar kafin magariba don na yayarta ne. Raina ya biya, ina so in mallaki nawa, ba ni da kuɗin sayen kaset marar komai. Inna ta tafi barka. Na buɗe kumbo na ga wani tsohon kaset a tsumma, ba rubutu a jikinsa. Na saka, jan maɓalli ya ƙi dannuwa. Da yake yaran zamani ne mu, na san dabarar: na cusa 'yar takarda a ramin haƙorin da Kawu ya ɓalle. Na aro rikodar maƙwabta, na haɗa su baki da baki, na rufe ƙofa na danna. Ko sauraron abin da ke ciki ban tsaya yi ba, sauri nake kada rana ta faɗi.

Bayan kamar wata biyu, wata ranar Juma'a da hantsi, kewar mahaifiya ta taso wa Inna. Ta ɗauko kaset ta saka, ta zauna bakin gado. Sai fiyano ya tashi. Ta cire ta juya, ta sake juyawa, ta tariya gaba. Ina tsaye bakin ƙofa jikina na ɓari. Can dab da ƙarshe, inda nawa naɗin ya tsaya, sai ga ƙarar ƙwarya, ga dariyar mata, ga muryar Iya tana tambayar Kawu, "To ya ɗauka kuwa? Kira min kishiyar nan tawa ta zo ta ji." Ni take nufi, ina 'yar shekara 5 a lokacin. Daga nan kaset ya ƙare.

Inna ba ta dake ni ba. Da ma ta dake ni. Ta dube ni kawai ta ce, "Yau Iya ta rasu." Ta naɗe kaset ɗin ta mayar cikin kumbo. Waƙoƙin da na naɗa a kai, yanzu in na so ji, cikin minti ɗaya zan same su a waya. Na Iya kuwa duk duniya babu.

ZAMANIN TURI

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, amma sai bayan wasu shekaru, da ƙananan wayoyi 'yan Chana masu cin memori suka yi araha, ta zama rikodar kowa. Gidajen rediyo masu zaman kansu ma sun zo, Freedom ta fara a Kano a ƙarshen 2003, daga baya tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 da shirinta na Zafafa Goma. Amma a ƙauye wanda ya gaji kujerar mai kaset shi ne mai turi. Ga shi nan a 'yar rumfa kusa da mai cajin waya, da kwamfuta da ɗan janareta ko sola. A ba yaro memori, ƙanƙane kamar farce, a ce a cika da sababbi. Shi ma daga birni yake kwasowa. Mawaƙa da kansu suke kai wa masu turi waƙa kyauta don ta yaɗu, tunda sayar da faifai ya mutu, abin da suke ci yanzu shi ne gayyatar biki, da waƙar amarya da ango da ake biya a yi musu da sunansu, da ta 'yan siyasa.

Daga waya zuwa waya kuma sai Bluetooth, daga baya Xender da WhatsApp. Ƙarfin wannan hanya ya fito fili a 2009, lokacin da wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma tsare Aminu Ala a kan waƙarsa Hasbunallahu. A da in an hana waƙa, kwashe kaset ake yi a kasuwa. To yanzu me za a kwashe? Haramcin ma sai ya zama talla, wanda bai taɓa ji ba ya shiga nema.

Kiɗan ma ya sake riga. Kwamfuta ta maye gurbin fiyano, ko da yake har gobe sunan da muke kiransa ke nan. Aka sami wata manhaja mai suna Auto-Tune da ke daidaita murya ta sa ta rawa kamar ana busa sarewa. Kuma kada ku zaci abin namu a nan ya tsaya. A 2008 wani matashi Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a situdiyo irin namu da wannan salo, suka bi wayoyi har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana tattara waƙoƙi daga memorin mutane, ya fitar da su a faifai a 2011. Yawancinsu ba suna a jiki, kamar dai na 'yar yayana. Sai da ya yi ta cigiya yana neman masu su don ya biya su haƙƙinsu. Ta haka Mdou Moctar ya fita duniya yana wasa a Amurka da Turai. A 2013 kamfanin mutumin, Sahel Sounds, ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani na 1978, ya kuma fitar da faifan waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. Ku duba fa, baƙo daga wata uwa duniya ya tsaya tambayar wa ya rera, mu da aka rera dominmu ba mu tambaya ba.

Yau kuma ga YouTube da Audiomack da TikTok. A 2020, lokacin zaman gida na korona, waƙar Hamisu Breaker mai suna Jarumar Mata ta zaga ƙasa cikin 'yan kwanaki, matan aure suna ɗaukar kansu suna yi wa mazajensu rawa, aka yi ta cece-kuce. Ba mai kaset, ba ɗan aike. Mai waya babba da kuɗin data, ita na'urar ce take lura da abin da ta tsaya kallo ta ƙaro mata irinsa. Sai ki ga kamar ke kike zaɓe, alhali kawo miki ake yi, kuma wannan karon mai kawowar ko gaisawa ba za ku yi ba.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ni ba na cikin masu cewa a koma dutsen niƙa. Wadda ta taɓa niƙa kwano biyu na dawa kafin gari ya waye ba za ta zagi inji ba. Fiyano ma ina so, da shi na girma, kuma ya ba 'ya'yan talakawa da mata hanyar da a da babu. Amma ku lura da yadda tafiyar ta kasance. Amarya ta kawo waƙa da fuskarta. Rediyo ta kawo da suna. Kaset ɗin fim ya kawo da fuskar wata. Memori ya kawo da lamba. Kullum waƙa na ƙara saurin zuwa, mai ita na ƙara nisa.

Don haka abu biyu nake roƙon 'yan uwana. Na farko, in sabuwar waƙa ta yi miki daɗi, ki tambayi mai ita. Ki sa yaro ya tambayi mai turi, in ya sani ya rubuta sunan a jiki. Wata baiwar Allah ce ta bar 'ya'yanta ta je ta tsaya ta rera, wataƙila abin da aka ba ta bai wuce kuɗin mota ba, sunan nan shi ne jarinta, da shi za a neme ta biki. Tambayar kuma za ta sa ki san abin da ke shiga kunnen 'ya'yanki, don mai cika memori ba ya tankaɗe, tsaki da gari duk zubawa yake.

Na biyu ya fi na farko gaggawa. Wayar nan da ke hannunki tana da nata jan maɓallin. In kina da tsohuwa a gida wadda ta yi daɓe, ta yi lugude, ta yi gaɗa, kada ki jira biki. Ki dama mata fura, ki zauna kusa da ita ki ce ta tuna miki. Za ta ce ta manta, za ta ce ta tuba ta bar shirme, ki lallaɓa. In ta bayar, ki faɗi sunanta da garinsu da shekarar a farkon naɗin, ki tura wa 'yan uwa uku ko huɗu, don waya na faɗawa rijiya, memori na ƙonewa. Abin da muka sani na rayuwar Baba ta Karo da waƙoƙin matan zamaninta, ai don wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau ta rubuta ne, aka buga a 1954. Barmani Choge ta rasu a 2013, amma da yake an naɗa, jikokinmu za su ji ta. Iyayenmu na tsakar gida ba mai zuwa daga Ingila dominsu, mu ne.

Kafin na baro gida ran nan na karɓi wayar 'yar yayana na ajiye gaban Inna. Ta yi ta ƙi, daga baya ta tuno guda biyu da rabi cikin na Iya, ta ukun ta kakare a tsakiya, ta yi shiru tana share ido da bakin zane. Biyu da rabi daga cikin minti 30. Kaset ɗin yana nan a kumbo, duk ƙauyen an rasa rikoda mai aiki da za a saka shi.

Allah ya jiƙan Iya da dukkan magabatanmu, ya yafe mana kurakuranmu, ya shirya mana zuri'a. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure ku yi min afuwa, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.